Shaidar Shago a Gaban Na'ura: Nasiha ga Matasa Masu Gina Shafukan Intanet

A tsarin kasuwancin ƙasar Hausa na da, baƙon da ya shigo birni da niyyar sayayya ba ya bin rumfa-rumfa yana tambaya, sai dai ya sauka wurin mai masauki ko ya nemi dillalin da ya san kasuwa ciki da bai, ya faɗa masa abin da ya kawo shi, shi kuwa ya kai shi wurin mutum ɗaya ko biyu waɗanda ya san kayansu kuma ya yarda da maganarsu. Ɗan kasuwar da dillali bai san da zamansa ba, komai kyan hajarsa, da wuya baƙo ya taka ƙofarsa. Abin da ke faruwa yau a cikin wayar hannu ya fara kama da wannan tsohon tsari, domin mai neman kantin magani ko makanikin mota ko telan babbar riga ya fara ƙyale dogon jerin shafukan da injin bincike ya saba jero masa, yana miƙa tambayarsa kai tsaye ga manhajar ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da aka horar da ita da ɗimbin rubuce-rubuce har ta iya amsa tambaya cikin cikakkun jimloli, ita kuma takan ambaci wurare biyu ko uku ta tsaya a nan. Matasan da suka koyi gina shafukan intanet, waɗanda iyayensu da iyayen gidansu ke riƙe da shaguna, su ne aikin gabatar da waɗannan shaguna ga sabon dillalin zai hau kansu, saboda haka ya dace su san yadda aikin yake, su kuma san iyakarsa tun kafin su karɓi kuɗin kowa.

Sauyin bai daɗe da farawa ba. Kamfanin OpenAI na Amurka ya saki ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba 2022, Microsoft ya haɗa irin wannan fasaha da injin bincikensa na Bing a watan Fabrairu 2023, Google kuma ya fara ɗora taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike ga jama'ar Amurka a watan Mayu 2024, kafin ya faɗaɗa ta zuwa ƙasashe fiye da 100 a watan Oktoba na shekarar, watan da ChatGPT ma ya samu nasa sashen binciken intanet a ƙarshensa. Abin da mai koyo ya kamata ya riƙe shi ne waɗannan manhajoji rijiya biyu suke ɗebo amsa daga ciki. Ta farko ita ce abin da suka haddace lokacin horo, wanda ke tsayawa a wani lokaci, kuma da wuya ya ƙunshi labarin ƙaramin shago a Gusau ko Maraɗi. Ta biyu ita ce binciken da suke yi a daidai lokacin da aka yi tambayar, inda manhajar ke aika tambayoyi, wani sa'in da yawa a tare, zuwa ma'ajiyar shafukan da injin bincike ya riga ya tattara, ta karanta abin da ya fito, sannan ta harhaɗa amsa daga cikinsa. Ƙaramin kasuwanci ta wannan rijiya ta biyu yake shiga, don haka duk abin da ya hana injin bincike ganin shago ko fahimtar ko mene ne shi, ya hana manhajar ambatonsa.

Wahalar ta fi yawa a wajen fahimta. Mutumin da ya karanta cewa wani kanti yana Tudun Wada, bayan masallacin Juma'a, kuma ana rufewa bayan sallar isha'i, yana cike giɓin da sanin da yake da shi na gari, ya san wace Tudun Wada ake nufi, ya san ƙarfe nawa isha'i take kaiwa a wannan watan. Na'ura ba ta da wannan sani. Akwai Tudun Wada a Kano, akwai a Kaduna da Zariya da Jos da Gusau, Sabon Gari kuwa da wuya a sami babban birnin Arewa da babu shi, yayin da kalmar Rimi ke iya zama itace, ko kasuwa a cikin birnin Kano, ko ƙaramar hukuma a jihar Katsina, ko sunan mutum. Jerin lambobin da ke ƙasan shafi yana iya zama lambar waya, yana iya zama lambar asusun banki, musamman yanzu da wasu asusun ke amfani da lambar wayar mai su a matsayin lambar asusu. Manhajojin zamani sun iya hasashe, kuma sau da yawa suna dacewa, sai dai hasashen da ya kuskure yakan fito da irin ƙarfin gwiwar da sahihiyar amsa ke fitowa da shi, mai tambaya kuwa ba shi da hanyar bambance su sai ya hau babur ya je ya gani da idonsa.

Maganin da masana harkar suka daɗe da tanada shi ne tsararrun bayanai, wato bayanan da aka zuba cikin gurabe masu suna, kowane gurbi da irin abin da ake sa masa, kamar yadda takardar buɗe asusu a banki ke da gurbin suna daban, na unguwa daban, na lambar waya daban, ta yadda ma'aikacin da ya karɓe ta ba ya buƙatar tambayar wanne ne wanne. Tunanin ya girmi manhajojin hira na yau irin su ChatGPT nesa ba kusa ba. Tun a 2001 Tim Berners-Lee, masanin Ingila da ya ƙirƙiro yanar gizo, ya rubuta maƙala tare da abokan aikinsa biyu a mujallar Scientific American suna hasashen yanar gizon da na'urori za su iya fahimtar ma'anar abin da ke cikinta. A 2009 Google ya fara nuna ƙarin bayani a ƙarƙashin sakamakon shafukan da suka yi wa bayanansu alama, sannan a watan Yuni 2011 Google da Microsoft da Yahoo, duk da gasar da ke tsakaninsu, suka haɗu suka kafa ƙamus ɗaya mai suna Schema.org, wanda kamfanin Yandex na Rasha ya shigo cikinsa a ƙarshen shekarar. Wannan ƙamus ya ƙunshi ɗaruruwan nau'o'in abubuwa da gurabe fiye da dubu ɗaya, kuma shi ne harshen da manyan injunan bincike suka amince su karanta. A 2012 Google ya sanar da wani rumbun sani da yake ajiye mutane da wurare da kamfanoni a matsayin abubuwa masu zaman kansu da alaƙa a tsakaninsu, maimakon ya ɗauke su kalmomi kawai, kuma burin mai aikin tsara bayanai shi ne shagon da yake yi wa aiki ya zama abu ɗaya sananne a cikin irin wannan rumbu, wanda ba a rikita shi da wani.

Hanyoyi uku ake bi wajen saka waɗannan alamomi a shafi, amma wadda Google ya fi ba da shawarar a bi ita ce JSON-LD, wadda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da ita a watan Janairu 2014. Fifikonta shi ne ana rubuta ta a wani ɗan ƙunshi na daban cikin lambobin shafi, mai karatu ba ya ganinsa, ba ya kuma taɓa fasalin shafin, don haka gyaransa na da sauƙi. Ƙunshin yana farawa da bayyana ƙamus ɗin da ake amfani da shi, sai nau'in abin da ake bayani a kansa, sai gurabe ɗaya bayan ɗaya. Sunayen nau'o'in da na guraben da Turanci suke, kuma dole a rubuta su harafi da harafi yadda ƙamus ya tanada, amma abin da ake zubawa cikinsu yana iya zama da Hausa. Nau'in da ya shafi ƙaramin kasuwanci shi ne LocalBusiness, yana kuma da rassa da yawa a ƙarƙashinsa: na kantin magani, na gidan abinci, na gidan burodi, na garejin gyaran mota, na shagon tufafi, na shagon wayoyi, na masauki. Ƙa'idar ita ce a zaɓi reshen da ya fi kusa da ainihin sana'ar, domin kantin maganin da aka yi wa alamar Pharmacy ya ba na'ura labari fiye da wanda aka ce da shi kasuwanci kawai. Idan babu reshen da ya dace, kamar yadda za a rasa na mai rini ko na mai dukanci, gara a tsaya ga babban nau'in a bayyana sana'ar a gurbin bayani, da a cusa shagon cikin reshen da ba nasa ba.

Gurabe biyu ne kawai Google ya wajabta wa wannan nau'i, suna da adireshi, kuma dukkansu biyun sun fi wuya a ƙasar Hausa fiye da yadda suke a ƙasar da aka tsara su. Sunan shago ɗaya sau da yawa yakan zo da fuska huɗu: yadda aka rubuta a allon ƙofa, yadda yake a takardar rajistar Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, yadda ɗan mai shagon ya rubuta a Facebook, da kuma yadda mutanen unguwa ke kiransa, wanda galibi sunan mai shi ne da sana'arsa. Ga kuma batun haruffa masu lanƙwasa, inda wani ke rubuta Ƙofar Mata wani Kofar Mata, da garuruwa masu rubutu biyu ko suna biyu irin su Zariya da Zaria, Sakkwato da Sokoto, Damagaram da Zinder. Aikin farko na matashi, tun kafin ya buɗe kwamfuta, shi ne ya zauna da mai shago su tsayar da suna ɗaya, wanda ya fi dacewa ya zama na allon ƙofa, sannan ya bi duk inda shagon ya bayyana a intanet ya mayar da sunan haka. Sauran fuskokin ba a zubar da su, ƙamus ya tanadi gurbi na sunan rajista da gurbi na laƙabi, inda za a sa sunan da unguwa ta sani da kuma rubutun da babu lanƙwasa, saboda yawancin masu bincike da waya ba sa buga ƙ ko ɗ. Abin da ba ya halatta shi ne a loda wa suna kalmomin talla, a ce kanti mafi arha a Kano alhali ba haka allo ya ce ba, domin ƙa'idojin Google na jerin kasuwanci sun hana hakan, ana kuma iya dakatar da shago a kansa.

Adireshi shi ne inda aikin ya fi buƙatar natsuwa. Ƙamus ya raba shi zuwa titi da lambar gida, gari, jiha, lambar gidan waya, da ƙasa, wadda ake rubuta ta da haruffa biyu na ƙa'idar duniya, NG ga Nijeriya, NE ga Nijar, GH ga Gana, kuma kusancin biyun farko ya isa ya sa mai gaggawa ya kai shagon Katsina ƙasar Nijar. Amma lunguna da yawa ba su da suna a hukumance, gidaje da yawa ba su da lamba, rumfar da ke tsakiyar Kantin Kwari ko Dawanau kuwa da sunan gida da layi ake gane ta. Bai kamata a ƙirƙiro sunan titi don a cike gurbi ba. Abin da ya dace shi ne a rubuta kwatancen da mutane suka saba da shi a gurbin titi, a cike gari da jiha daidai, sannan a ɗora nauyin gano wurin a kan lambobin taswira, wato lambobi biyu da ke nuna nisan wuri daga layin tsakiyar duniya zuwa arewa ko kudu, da nisansa zuwa gabas ko yamma. Google ya nemi a rubuta su da aƙalla lambobi biyar bayan ɗigo, abin da ke kai daidaito zuwa kusan mita ɗaya, kuma ana samun su ne ta hanyar tsayawa a bakin ƙofar shagon da waya a hannu, a fili inda babu rufin kwano a sama, ba daga ɗaki ana dangwala taswira da yatsa ba. Jerin lambobin ma yana da muhimmanci. Birnin Kano yana kusa da daraja 12 arewa da 8.5 gabas, wanda ya juya su kuwa ya ɗauke shagon ya ajiye shi a kudancin jihar Adamawa, kuma babu manhajar gwaji da za ta kama wannan kuskure, tunda a wurinta lambobin biyu duk ingantattu ne. Gana ta ƙaddamar da tsarin adireshin zamani na ƙasa a 2017, Google kuma yana da gajerun lambobin wuri da ake kira Plus Codes waɗanda ke aiki a ko'ina, kuma duka biyun sun cancanci a rubuta su a fili cikin shafi domin amfanin mai kawo saƙo da mai babur.

Lokutan buɗewa su ne bayanan da suka fi saurin lalacewa, su ne kuma ƙaryarsu ta fi cutar da mai saye. Ana rubuta su da agogon awa 24, kowace rana da lokacin buɗewa da na rufewa, kuma ƙamus ya yarda a ba rana ɗaya zango biyu, abin da ya dace da ranar Juma'a, inda shago ke rufewa kafin a tafi masallaci ya sake buɗewa bayan an sauko. Wanda ya kwafo samfurin da aka tsara wa shagon Amurka, mai buɗewa Litinin zuwa Juma'a daga tara zuwa biyar, ya ɗora wa shagon Fagge, ya yi kuskure biyu a lokaci guda, ya ce a buɗe yake sa'ar da yake rufe, ya kuma ce a rufe yake ranar Asabar da Lahadi da bayan magariba, lokutan da cinikinsa ya fi kankama. Azumi yana sauya komai, gidan abinci ya koma aikin yamma, tela ya kwana a kan keke a goman ƙarshe, kuma ƙamus yana da gurabe biyu na ranar farawa da ranar ƙarewa domin irin wannan jadawali na wucin gadi. Sai dai watan Ramadan yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara a kalandar Miladiyya, ranar Sallah kuwa sai an ga wata an yi sanarwa ake tabbatar da ita, saboda haka babu yadda za a cike waɗannan gurabe sau ɗaya a manta da su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa aikin irin na mai ban ruwa ne a fadama, wanda ke komawa kan shukarsa a kai a kai.

Sauran guraben ba su da wahala. Lambar waya ana rubuta ta da lambar ƙasa, +234 ga Nijeriya da +227 ga Nijar, a cire sifilin farko na lambobin Nijeriya, kuma ta zama lambar da ake ɗagawa da rana. Kuɗin da ake karɓa yana da alamarsa, NGN ga naira da XOF ga sefa ta Afirka ta Yamma. Gurbin da ake kira sameAs ya cancanci kulawa ta musamman, domin a cikinsa ne ake jera adireshin shafukan shagon na Facebook da Instagram da sauransu, ana shaida wa na'ura cewa duk waɗannan fuskoki na abu ɗaya ne.

A nan ne ya zama wajibi a faɗi iyakar wannan aiki, domin a kansa ne ake yawan yaudarar masu shaguna. Google ya bayyana a rubuce cewa sahihan alamomi ba su tabbatar wa shafi fitowa ta musamman a sakamakon bincike, a 2025 kuma ya ƙara bayyana cewa babu wata alama ta daban da ake buƙata kafin shafi ya fito cikin amsoshinsa na ƙirƙirarriyar basira, abin da ya nema kawai shi ne shafin ya kasance cikin ma'ajiyarsa, muhimman bayanai su kasance a rubuce a fili, alamomin su yi daidai da abin da mai karatu ke gani, bayanan shagon kuma su zama na yanzu. Game da sakamakon da ya shafi wuri, kamfanin ya ce abubuwa uku yake dubawa: dacewar shago da abin da aka tambaya, nisansa daga mai tambaya, da kuma shahararsa. Tsararrun bayanai suna taimaka wa na farko ta hanyar kawar da shubuha, suna taimaka wa na biyu ta hanyar tsayar da wurin daidai, amma ba su haifar da shahara, wadda ke zuwa daga maganar masu saye da ambaton da wasu shafuka ke yi. Tarihin fasahar ma yana koyar da taka tsantsan. A watan Satumba 2019 Google ya daina nuna taurarin yabo da kasuwanci ya ɗora wa kansa a shafinsa, a watan Agusta 2023 kuma ya taƙaita nuna jerin tambayoyi da amsoshi ga manyan shafukan gwamnati da na lafiya, alhali masu sana'ar sun shafe shekaru suna sayar da waɗannan abubuwa biyu a matsayin sirrin nasara. Matashin da ya ce wa Alhaji zai sa ChatGPT ya riƙa ambaton shagonsa cikin mako biyu ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa. Abin da zai iya faɗa da gaskiya shi ne zai sa duk na'urar da ta zo neman labarin shagon ta tarar da labari ɗaya, sahihi, wanda babu ruɗani a cikinsa, kuma wannan alkawari, ko da bai kai na farko daɗin ji ba, ya cancanci a biya shi.

Daga wannan ne tsarin aikin yake fitowa, domin alamomi ba su ne matakin farko ba. Yawancin ƙananan sana'o'i a Arewa a WhatsApp da Instagram da Facebook suke rayuwa, mai sana'a kuwa ba shi da ikon saka alama cikin lambobin waɗannan shafuka tunda ba nasa ba ne, hirar WhatsApp kuma babu injin binciken da ke ganinta. Matakin farko shi ne yi wa shago rajista a Google Business Profile, wanda kafin ƙarshen 2021 ake kira Google My Business, kyauta ne, shi ne kuma ke ciyar da taswirar Google da yawancin amsoshin da suka shafi wuri, sai a yi makamancin haka a Bing Places, tunda manhajar Copilot ta Microsoft a kan Bing ta dogara. Bayan haka ne ake gina shafi na kai, ko da mai fuska ɗaya ne, marar nauyi yadda zai buɗe a waya mai arha da raunin sadarwa, a rubuta suna da wuri da lokaci da kaya a fili, da Hausa da Turanci, ko da Hausa da Faransanci a Nijar, sannan a ɗora alamomin a ƙarshe. Shafin ya kamata ya zauna a kan adireshin da mai shago ya saya da sunansa. A watan Maris 2024 Google ya rufe shafukan kyauta da ya kasance yana ginawa masu rajista a tsarinsa, duk wanda ya dogara da su kuwa ya wayi gari babu shafi, kuma wanda ya gina ɗaki a filin aro ya san irin wannan rana tana iya zuwa.

Ƙa'idar da ta fi kowace nauyi ita ce kada alama ta faɗi abin da shafi bai faɗa ba, kada kuma shafi ya faɗi abin da ba haka yake a shago ba. Da yake mai karatu ba ya ganin ƙunshin alamomi, zuciya takan raya wa mai aiki ya ƙara gishiri a ɓoye, ya ce ana buɗewa dare da rana, ya jera rassa a garuruwan da babu ko rumfa, ya ƙirƙiro yabon masu saye. Google yana hukunta irin wannan ta hanyar cire wa shafi damar fitowa ta musamman, amma hukuncin kamfani shi ne ƙaramin abin tsoro. Uban da ɗansa ya tashi da zazzaɓi da ƙarfe ɗayan dare, ya tambayi waya, ta ce masa ga kantin magani a buɗe, ya ratsa gari ya tarar da kwaɗo a ƙofa, shi ne wanda aka zalunta, kuma algus a bayani bai bambanta da algus a mudu ba don kawai an yi shi da lambobin kwamfuta. Akwai kuma wani haƙƙin da ake yawan mantawa da shi, wato na matan da ke sana'a a cikin gida, masu turaren wuta da cincin da ɗinki da lalle. Sanya lambobin taswirar gidan aure a intanet yana nufin duk baƙon da ya ga dama zai iya zuwa ƙofar, kuma abin da na'urori suka kwafa da wuya a iya goge shi. Tsarin rajistar Google ya yarda mai kai kaya ko mai zuwa aiki gidajen mutane ya ɓoye adireshinsa ya bayyana yankin da yake yi wa hidima kawai, ƙamus ma yana da gurbin yanki, don haka ya kamata a bayyana wa mai sana'ar da mutanen gidanta abin da kowane zaɓi ke nufi, su yanke shawara da kansu kafin a wallafa komai.

Bayan rubutu sai gwaji. Akwai manhajar tantancewa ta Schema.org da ke duba ko an bi ƙamus, akwai ta Google mai suna Rich Results Test da ke duba ko shafin ya cika sharuɗɗan kamfanin, akwai kuma Search Console da ke nuna ko an shigar da shafin ma'ajiya da kurakuran da aka gani, dukkansu kyauta. Waƙafi ɗaya da ya ɓace yana iya sa a yi watsi da ƙunshin gaba ɗaya ba tare da fuskar shafin ta nuna alamar matsala ba. Ya kamata kuma a duba ɗan fayil ɗin da ake kira robots.txt, wanda ke faɗa wa manhajojin da ke zagaya shafuka inda aka yarda su shiga, domin OpenAI ya raba nasa masu zagayen, OAI-SearchBot na bincike ne, GPTBot kuma na tattara rubutun horo, mai shafi yana iya buɗe wa ɗaya ya rufe wa ɗayan, amma wanda ya rufe wa na bincike bisa kuskure ya cire shafinsa daga amsoshin da hannunsa. Haka nan ya fi aminci a rubuta ƙunshin kai tsaye cikin shafi, maimakon a bar wani shirin JavaScript ya cusa shi bayan shafin ya buɗe, saboda ba kowane mai zagaye ke jiran irin wannan shiri ya gudana ba.

Mai koyo zai gano da wuri cewa manhajojin hira da kansu suna iya rubuta masa ƙunshin cikin daƙiƙoƙi, kuma babu laifi a yi amfani da su wajen tsara siga da kama kuskuren rubutu. Sai dai idan aka bar musu gurbi babu bayani, sukan cike shi da abin da ya yi kama da gaskiya, su ƙago lambar gidan waya, su sa lambobin taswirar tsakiyar gari a madadin na shago, wani lokaci ma su ƙirƙiro sunan gurbin da babu shi a ƙamus. Duk abin da ya shafi shagon daga bakin mai shi da idon mai aiki zai fito, kuma a karanta wa mai shagon abin da aka rubuta, gurbi bayan gurbi, da harshen da yake ji, ya tabbatar kafin a ɗora.

Abu na ƙarshe ya shafi mallaka. Da yawa daga masu shaguna dattawa ne da ba su san mene ne kalmar sirri ba, kuma ya zama ruwan dare matashi ya buɗe rajistar Google da adireshin shafi da imel ɗinsa na kansa, daga baya ya tafi makaranta ko bautar ƙasa ko suka saɓa da mai shago, shagon ya sauya wuri ko lambar waya, tsohon bayani kuwa ya zauna a intanet shekara da shekaru babu mai ikon taɓa shi, na'urori suna ta maimaita shi ga masu tambaya. Tsarin rajistar Google ya bambanta mai mallaka da mai kula, saboda haka mai shago ne zai zama mai mallaka da imel ɗin da aka buɗe da sunansa da lambar wayarsa, matashi kuma ya shiga a matsayin mai kula wanda za a iya sauyawa. Adireshin shafi ana sabunta kuɗinsa kowace shekara, kuma ranar ƙarewarsa ya kamata ta kasance a rubuce a littafin da mai shago ke rubuta bashi da ciniki, tare da kalmomin sirri a cikin ambulan da aka liƙe, da kuma ladan da aka yi yarjejeniya a kai na kulawa. A cikin wannan yarjejeniya ake sa ranakun dubawa: tsakiyar Sha'aban domin jadawalin azumi, daren da aka sanar da ganin watan Shawwal, farkon Zulhajji, da duk ranar da shago ya sauya lambar waya, ko ya ƙara reshe, ko ya koma wani layi.